Ƙarfen Sirdin Ciyaman

Shago na bakwai ke nan tun safe, amsar kuma ba ta canza ba. Mai kayan keken ya ɗaga kai ya dubi Ciyaman, ya ƙara ɗagawa har hularsa ta zame, sannan ya girgiza kai. Sakatare ko "zo in kashe ka" bai sani ba a yaren ƙasar nan, amma girgiza kai ba ya buƙatar tafinta.

"To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," in ji Ciyaman, har ya kai bakin ƙofa.

Abin da suke nema ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ƙarfen da ke ɗaga sirdi, mai tsawon da zai ishi ƙafafun Ciyaman. Shi kuwa bawan Allahn nan, shugaban Ƙungiyar Mahaya Keke ta ƙasarsu, tsawo ne da shi na fitar hankali. Ba ya shiga ƙofa sai ya rusuna mata kamar surukarsa. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujera. Shi ke busa usur a tashi tsere, shi ke miƙa kofi, shi ke yi wa matasa lacca kan yadda ake shan kwana. Ciwonsa ɗaya, kowa kuma na tausaya masa: duk faɗin ƙasarsu babu keken da ya kai shi.

Sai ga gayyata zuwa taron ƙungiyoyin duniya. Bayan sun sauka ne aka sanar da su cewa ranar buɗe taro kowane shugaba zai tuƙa keke a gaban tutar ƙasarsa, wanda bai tuƙa ba kuwa a soke sunan ƙungiyarsa. Masu masauki suka ba su aron keke. Ciyaman ya tsaya gefensa, ya dube shi a wulaƙance, ya ce wannan ai na 'yan firamare ne.

Gobe ne ranar. Hankalin Sakatare ya tashi matuƙa, don yana son ƙungiyar nan kamar ransa, yana kuma jin kunyar a koma gida da labarin kora. Shi ke gaba yana zufa, Ciyaman na biye yana jan keken, riƙe da igiyar da ya ƙulla awon ƙafarsa a jiki. Sau biyu Sakatare ya ga kamar ƙullin ya matsa gaba, sai ya ɗora wa gajiya laifi.

A wani lungu da ke warin baƙin mai suka tarar da wata tsohuwa mai walda. Ciyaman ya miƙa mata igiya, ta ture ta gefe. Ta hau kan jarka, ta auna ƙafarsa da kanta, ta zaro bututu daga wani tsohon gadon ƙarfe. Kafin minti talatin sirdi ya yi sama.

Ciyaman ya ce ƙarfen ba zai ɗauke shi ba. Ta ga fuskarsa ta gane, ta narka wa bututun guduma sau uku, ko gezau. Ya nuna kan keken, wai ya yi ƙasa, ta ɗaga. Ya nuna feda, wai ta yi masa ƙanƙanta; ta sauya. Har ƙararrawa sai da ya kushe. Sakatare ya cika da alfahari, a ransa yana cewa lallai gwani gwani ne, ba a yi masa aikin a-ci-bulus.

Tsohuwa ta yi alamar ya hau ya gwada.

"Ba na ɓata ƙarfina kafin ranar aiki," in ji Ciyaman.

Haka suka ja keken zuwa otal. Ciyaman, wanda ke share faranti biyu tun zuwansu, ya kasa taɓa abinci. Sakatare ya ce a ransa, farin ciki ma kan toshe wa mutum ciki.

Washegari fili ya cika maƙil. Tutoci na kaɗawa, masu kyamara na ta kai-kawo, an ce har a gida ana kallo kai tsaye. Sakatare ya riƙe kariyar bayan keken, Ciyaman ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya zauna. Sirdi ya yi daidai, feda ta yi cif. Hawaye suka cika idon Sakatare. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan rana.

Alƙalin taro ya kai usur baki. Ciyaman ya sunkuyo daga can sama, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Sakatare, tsakaninka da Allah, in ka saki abin nan, me ke hana shi faɗuwa?"