Bayan Kabad ɗin Falo

"Bar kabad ɗin a wurinsa, mai fenti ya zagaye shi," in ji Mufida.

Magaji ya dube ta da zargi. Tun da soja suka miƙa mulki aka sako shi ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi, bai ƙara yarda da kowa ba, har matarsa. Me take ɓoyewa?

Tana shiga kicin ya ture kabad ɗin. An karce bangon da ƙusa, layi ɗaya kowace rana, kamar yadda ya yi a bangon kurkuku. Ya ƙirga ɗari biyu da arba'in. Kwanakinsa a kurkuku ɗari biyu ne.

"Kwanana arba'in da dawowa, me kike ƙirgawa kuma?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Gangar jikinka ce ta dawo, Malam. Ni har yanzu jiranka nake."