Takalman Ƙofar Mai Zane

Tun da aka kafa duniya ba na jin an taɓa zaluntar bawan Allah irin yadda aka zalunci wani mai zane a garin nan, kuma wai har yau ba wanda ya je yi masa jaje. Mutum ne mai hannu. In ya zana maka rago, sai ka tashi neman dusa. A wani tsohon gida yake aiki tare da masu sana'a irinsa, kowa da ɗakinsa. Shekara-shekara sukan ware rana guda su buɗe ƙofofi, jama'a su shigo su ga aiki, mai saye ya saya. Da ranar ta zo ya share ɗaki, ya turare, ya sa babbar riga ya zauna. Hantsi ya dubi ludayi, ko kare bai leƙo ba. Amma ƙofar maginiyar tukwane da ke maƙwabtaka da shi, tukwane fa, abin dafa wake, takalma ne jibge har ba wurin sa ƙafa. Nan ya gane mutane ba aiki suke bi ba, takalma suke bi: inda suka ga an tuɓe da yawa, nan suke tuɓewa. Sai ya zame ta baya ya nufi kasuwa, ya sayo tsofaffin takalma buhu guda wajen wani mai gwanjo. Mai gwanjon ya ce masa kayan mamata ne da magada suka fitar. Mai zane ya ce shi takalmi ya zo saye, ba tarihi ba. Ya dawo ya jera su bakin ƙofa, na maza, na mata, har da wani ɗan ƙarami ja.

Dabara ta ci, sai ga jama'a. Amma duk wanda ya ɗaga labule sai ya rage murya ya yi sallama, ya ɗan saurara kamar ana amsa masa, sannan ya saki labulen ya wuce. Can sai ga wata Hajiya mai otal, wadda ita yake jira tun safe, don an ce tana neman zanen da za ta rataya a ɗakunan baƙi. Ya miƙe har hula na faɗuwa.

"Bismillah, Hajiya, shigo mana!"

Ta leƙa ta saman kafaɗarsa ta ce, "Haba Malam, in taka wa? Sallami dattawan nan tukuna. Kuma ka ba yarinyar nan ruwa, bakinta duk ya bushe."

Ya waiwaya. Tabarma ce shimfiɗe, ba ko ƙuda, sai dai hayaƙin turaren yana ratsewa yana kewaye wasu wurare, kamar mai gudun taɓa kafaɗun manya. Ya sunkuya ya taɓa ɗan jan takalmin, ya ji shi da ɗumi, irin na ƙafar da yanzu ta fita.

Da ya yi haƙuri, ai baƙo yana gama kallo yake kama gabansa. Amma tsoro ba ya shawara. Ya tattara takalman cikin buhu, ya ruga ya jefa su wata tsohuwar rijiya. To, baƙon da ka jefar masa da takalmi, da me zai koma gida? Baƙin suna nan cikin ɗakin har yau. Kowa ya leƙa sai ya ce a cike yake, sai an ragu. Bai ƙara sayar da ko zanen kaza ba. In ya zauna aiki yakan ji numfashi a ƙeyarsa, wani lokaci har da ɗan tsaki idan layi ya karkace. Ka tambaye shi, zai rantse maka maginiyar nan ce ta yi masa asiri don baƙin ciki, sannan ya gyara hula ya ce duk da haka a gidan kaf ba wanda ya kai shi 'yan kallo.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.