Wutar Cika-ciki

Ranar cika-ciki, da faɗuwar rana, samari da 'yan matan Garhanga suka nufi kwari, kowa da ɗan damin kara mai ci da wuta, za a jefar da sharrin tsohuwar shekara. Jaratu ta ɗaga nata ke nan sai Gali ya sha gabanta, saurayin da ta daina amsa gaisuwarsa tun damina.

"Yau kowa na yahe ma kowa," ya ce. "Ki bari in aiko magabatana."

Shi ne ya nuna wa masu kamun samari su yi wa Turawa soja rumbun da wanta Hama ya ɓuya a ciki, don ya tsira da kansa. Hama bai dawo ba, rigarsa kawai aka kawo.

Ba ta san sa'ad da ta danna masa wutar a ƙirji ba. Riga ta kama, ƙaurin fata ya tashi, 'yan mata suka watse da kururuwa. Gali ya durƙusa ya cije leɓe, bai kare kansa ba. Idonsa na kanta, kallon nan da har gobe yake hana ta barci.

Ta fizge zanen da ta yafa ta kashe masa wutar, ta wurga ragowar karan cikin kwari.

"Na yahe maka, Gali."

Ya miƙo hannu. Ta ja da baya.

"Kak ka aiko kowa. Ƙinka da sonka dami guda nid ɗamre su. Ga su can suna ƙonewa."