Sarkin Ruwa da Ƙwallon Giginya

Kai da kake ganin ma'aikatan agajin jiharku sun ishe ku, ba sai kun nemi na maƙwabta ba, zauna ka ji wani misali.

An yi wani sarkin ruwa a wani gari na gangaren kogi, yana da jirage bakwai da matuƙa waɗanda ba sa tsoron igiyar ruwa. Duk da haka kusan kowace damina sai ambaliya ta shammace su, ta ci rumbuna, ta tafi da awaki, wata shekara har da wani tsoho da ƙafa ta gaza masa. Mutanen gari sun sallama, sun ce halin kogi ke nan. Shi kuwa Allah ya yi shi da son sanin dalilin abu. Ya lura duk ranar da ruwa zai yi ɓarna, da hantsi sai ya ga ƙwallon giginya suna yawo a mashigi, kafin la'asar ruwa ya shiga gidaje. To, kaf ƙasarsu babu giginya ko ɗaya. Daga ina suke fitowa? Wa yake ganin faɗawarsu cikin ruwa? Abin ya tsaya masa a rai, har da rani ya yi ya ɗaure guzuri, ya bar jiragensa a kan yashi, ya bi gaɓar kogi da ƙafa ya nufi inda ruwan ke fitowa.

Kwana uku yana tafiya. Ya wuce ƙauyuka huɗu, ya shiga ƙasar wani hakimi, inda ko gaisuwarsu ta bambanta da tasa. Can ya hangi giginyu jere a kan wata doguwar gaɓa, a ƙarƙashinsu wata dattijuwa mai ginin tukwane tana haƙar yumɓu. Da ya gaya mata abin da ya kawo shi, ta kai shi gindin wani dutse da aka sassare shi wuri uku tun zamanin kakanni. Ta ce in ruwa ya rufe sara na uku, shi ne yake hawa gaɓa ya kwashe ƙwallon da suka zuba, su kuma a ranar suke kora shanu tudu. Sarkin ruwa ya auna tafiyar kogi a ransa, sai ya gane: ashe mutanen nan suna ganin masifar gangare kwana biyu kafin ta isa can.

Ya ce, "Inna, duk shekarun nan me ya hana ku aiko mana?"

Ta ce, "Ku da ake wa kirari da 'yan ruwa? Ai mun ɗauka kun fi mu sani. Mu ko jirgi ɗaya ba mu da shi. Bara a kan bishiyar kuka jikokina suka yi kwana biyu, muna kallonsu daga tudu."

Bai koma gida ba sai da ya zauna da dagacin garin da na ƙauyukan da ke tsakani. Aka shirya zai ajiye jirage biyu da matuƙansu a garin giginya duk damina, su kuma da ruwa ya taɓa sara na uku za su buga ganga, ƙauye ya miƙa wa ƙauye har ta kai gangare. Kowa ya ce magana ta ƙare, ban da shi. Yana so ya ji da kunnensa yadda gangar za ta iso, don haka ya nace sai an gwada tun kogi na kwance. Ranar gwaji aka ga abin mamaki. Ƙauye na farko suka fito da karnuka da gorori, don a wurinsu wannan kiɗan na farauta ne. Na biyu suka ɗauka rasuwa aka yi, mata har sun fara salati. A na uku kuwa gangar ta mutu, makaɗin ya tafi cin kasuwa da ita a kafaɗa. Sarkin ruwa ya wuni a mashigi yana kasa kunne, ko amonta bai ji ba. Aka sake zama, aka zaɓi kiɗa ɗaya wanda ba na kowa ba, kowane ƙauye ya tanadi makaɗa biyu da gangar da ba ta barin ƙofar dagaci. Sai a gwaji na uku ta iso gangare kafin inuwa ta juya.

A wannan daminar kogi ya yi cikar da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ganga ta iso da safe, rana tsaf, babu ko gajimare, har wasu suna gunaguni. Sarkin ruwa ya sa aka kwashe hatsi da dabbobi da marasa ƙarfi aka hau tudu. Bayan kwana biyu ruwa ya zo ya tarar da kangaye, ya rushe abin da zai rushe, bai sami rai ko ɗaya ba. A garin giginya kuma matuƙan nan suka wuni suna tsamo mutane daga kan rufi, mutum talatin da ɗaya, har da mai jego da jaririnta.

Dutsen nan da jiragen nan sun shekara aru-aru a bakin kogi ɗaya, ba su amfani juna ba sai da mutum ɗaya ya taka ya je. Shi ya sa Hausawa ke cewa zumunta a ƙafa take.