Almakashin da Bai San Ɗan Gida Ba

Ka ce aiki ya hana ka leƙa gida, Tanimu? To ajiye kwalbar gwajin nan ka ji.

An yi wani masani, ɗan wata mai sayar da daddawa, wanda ciwon hanta ya kama mahaifiyarsa. Da ya ga idonta ya yi ɗorawa, sai ya rantse shi zai kashe cutar nan. Ya tattara ya tafi wani ɗakin bincike mai nisa. Ka dai san aikin: kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana aika umarninta a kan wani siririn zare da ake kira RNA, ita kuma ƙwayar cuta, munafuka, sai ta cusa nata zaren a ciki, jiki ya dinga yi mata bauta bai sani ba. Akwai kuma wani sinadari da ke datse zaren kamar almakashi. Shi bawan Allahn nan ya zauna yana wasawa. Kaifi kam ya samu, amma kash! Almakashin bai san baƙo ba, bai san ɗan gida ba. Duk zaren da ya tarar sai ya datse. Kullum ya duba farantin gwaji, cuta ta mutu, ƙwayar da ake son ceto ita ma ta bi ta. Abin ya hana shi sukuni, har ya ga kowace sallama ɓata lokaci ce. Abokai suka kira, ya share. Masu gayyatar suna da biki suka dame shi, ya ce wayar nan ce shaiɗaniyar, ya kashe ta ya jefa a aljihun tebur. A ransa cewa yake, ai don Inna nake yi, in na je hannu rabbana me zan ce mata?

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Ran nan da hantsi ya duba faranti, ya ga cuta ta watse, ƙwayoyin jiki kuwa suna nan da ransu. Ko wayar bai tsaya kunnawa ba, ya hau mota, yana ta shirya yadda zai durƙusa ya yi mata albishir. Yana shan kwanar layinsu ya hango tabarmi a ƙofar gida, an riga an fara naɗewa. Ƙanwarsa ce ta tare shi a zaure, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, mun kira har mun gaji. Ita fa ba ta taɓa tambayar magani ba. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗago kai ta ce, shi ne?"

Ya zauna a nan ƙasa, takardun bincikensa a cinya, ya yi kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Ya koya wa almakashi ya bar zaren gida, shi kuwa ya datse nasa da hannunsa.

Tashi ka nemi mota, Tanimu, farantin nan zai jira ka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.