Gashin Bakin Evaristo

Tun fentin sabon kekensa bai bushe ba Evaristo ya sa gashin bakinsa a caca. A shagon walda, gaban kowa, suka tafa da maƙwabcinsa Tiburcio: wanda keken iskansa ya zo baya a tseren Nuwamba, a aske shi a tsakiyar faƙon garin Barreal. Shekara talatin yana murza gashin nan, ko matarsa Nélida ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba.

Keken kuwa ya ƙeru. Taya uku, doguwar sanda, da jan ƙyallen da Nélida ta ɗinka, wanda iska ke bugawa ta tura keken. Wayon duka yana mazauni. Evaristo ya ƙera shi daidai ƙugunsa, tsuke kamar ɓawon gyaɗa, don kada iska ta sami abin ja baya.

Sau ɗaya Nélida ta ce ya bari ta ɗana. Ya yi dariya har da tari.

"Tsohuwa, ke da allura, ni da iska."

Washegari ma shawara ta kawo: ya lulluɓe sabon keken a rumfa, ya riƙa gwaji da tsohon kekensa mai faɗi, kada Tiburcio ya kwafi komai. Ya yaba hankalinta ƙwarai.

Wata ukun da suka rage kafin tsere Evaristo ya sha daɗin aure. Matar da ke ɓoye masa burodi ta koma cika masa faranti: empanada, irin samosa mai nama, gasasshen ɗan akuya, madara mai zaƙi a kan komai. Ya ci ya miƙe, barcin rana ya kwashe shi har iskar la'asar ta taso ta kusa kwanciya. Wani lokaci yakan tarar da farar ƙura a tayoyin sabon keken, sai ya zagi ƙofar rumfa, wai ita ke shigo da ƙura. Da 'yan shago suka fara yi masa ba'ar kumatu, ya sa babban yatsa a ƙugun wando ya ja.

"Wandon bara ne. Ku duba, har da sarari."

Ranar tsere iska ta zo da ƙarfinta. Aka yaye lulluɓi, mutane suka yi fito. Evaristo ya zura ƙafafu, ya zauna, ƙugu ya cije. Ya riƙe numfashi, ya juya gefe, ƙarti biyu suka danna kafaɗunsa. Ko motsi.

Tiburcio ya zaro reza yana wasa ta a tafin hannu.

"Maƙwabci, keken ne ya rame, ko rana ce ta sa ya motse?"

Saura minti biyar, kowane matuƙi yana cikin nasa keken. Gumi ya jiƙa gashin bakin. Nan idon Evaristo ya faɗa kan Nélida, siririya, riƙe da kwandon abinci.

"Ni?" in ji ta. "Tsoho, ai ni da allura."

Ya roƙa har da durƙuso. Aka aro mata hular kwano.

A kwanar farko tayarta ɗaya ta ɗaga sama, jama'a suka yi ihu, Evaristo ya rufe ido. Da ya buɗe, jan ƙyallen ya riga ya wuce na Tiburcio, kuma haka aka tafi har layi. Evaristo ya yi kuka ba kunya, yana faɗa wa kowa sa'ar sabon shiga ce.

Shi da kansa ya aske Tiburcio. Da ya sunkuya tsintar gashin don ajiyar tarihi, wandonsa ya ce ɓarrr. Ya laɓe bayan mota, ya tuɓe shi, ya juya cikinsa don ya ga ɓarnar.

A bayan ƙugu, da ɗinkin Nélida mai kyau, ga ƙarin yadi a jere, kowanne faɗin yatsa, guda goma sha biyu: ɗaya ga kowane mako tun ranar da ya yi mata dariya.