Ɗoyin Jirgin Dahab

Tun daga bakin gaɓa Dahab ya jiyo shi. Ba warin ruwan kwance ba ne, ba kuma na mushen kare ba. Wani ɗoyi ne mai maiƙo, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro ya bi shi har gida.

Ranar da ya sayi jirgin a hannun Baba Shazali babu wannan abu. Tsohon kwalekwale ne mai ƙyallen iska, cikin waɗanda ke yawo da baƙi a kogin Nilu, a garin Aswan. Katako ya jeme, ƙyalle ya yage, amma ƙamshin yashi kawai yake yi. Saboda shi Dahab ya ajiye aikin kamfanin sukari. Ruwa yake so ya hau kamar ubansa, wanda Nilu ya cinye tun Dahab yana rarrafe. In jirgin bai fara ɗaukar mutane ba kafin lokacin baƙi ya wuce, sai dai ya koma ya durƙusa ya roƙi aikinsa.

Ya yi aiki, wannan kam a ba shi. Ya cusa auduga a duk wata kafa, ya bi ta da kwalta. Matarsa Ni'imat ta ɗinke ƙyallen har yatsunta suka yi kanta. Ya kankare tsohon sunan, Amaryar Kogi, ya rubuta na uwarsa da shuɗin fenti: Sakina. Aka yanka rago a bakin ruwa, tsohuwar ta tsoma tafinta a jinin ta manna a goshin jirgin, yadda ake yi. Ta yi addu'a mai tsawo, ba ta ko dubi kogin ba.

Bayan nan ne warin ya taso.

Inna Sakina ce ta fi kowa jin ƙyamarsa. Duk da haka kullum da sassafe sai ta gangaro da kwandonta, da gurasa da butocin shayi biyu, ta zauna ta tsare masa kayan aiki har ya dawo daga masallaci. Yana isowa zai tarar ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Tir! Wannan masai ka rubuta wa sunana? Na gode, ɗan albarka."

"Inna, zai fita."

"Hanjinka ne zai fita."

Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka. Ya zuba lemun tsami buhu guda, ya turara lubban har idonsa ya yi ja. Da yamma warin kan lafa, ya tafi gida da murna. Washegari rana na ɗagawa sai ya dawo sabo fil, ƙudaje kuwa kamar an gayyace su walima.

Ya ɓamɓare katakon ƙasa yana neman mataccen ɓera. Bai ga komai ba sai wani danshi mai yauƙi da ya jiƙa audugar. Ya shafa, ya sansana, ya juya ya amayar da karin safensa a kogi.

Matuƙan jiragen da ke kusa suka janye nasu can nesa.

"Dahab! Jaki nawa kake ɗauka a sawu?"

"Ka buɗe ƙyallen mana, iska ta kai wa mutanen Sudan nasu rabon!"

Ni'imat ta kafa doka: a bakin ƙofa zai tuɓe. 'Yarsa ƙarama ta daina hawa cinyarsa. Ko ranar bikin bazara da ake kira shan iska, da kowane gida ke cin muluha, kifin nan da ake dannewa da gishiri a tulu har ya narke, su albasa da ƙwai suka ci. Inna ta ce tulunta na bana ya fashe. Dahab bai damu ba, shi a lokacin ko ruwa da ƙyar yake wuce masa.

Ya je ya ci kwalar Baba Shazali a gaban jama'a.

"Me ka ɗauka a jirgin nan? Gawa?"

"Kai yaro, sake ni! Yashi da rake na yi ta ɗauka tun kana tsumma. Je ka binciki kanka."

Duk da haka ya gwada. 'Yan rakiyar amarya suka hau zai ƙetare da su tsibiri, da ganga da guɗa. Ba su kai tsakiyar ruwa ba guɗar ta mutu. Gwaggon amarya ta sunkuya ta yi amai a kan takalmin ango, sauran suka bi sahu. Kafin la'asar labari ya gama gari.

Ya sayar wa wani mutumin garin Edfu a wulaƙance, aka ja jirgin aka tafi. Kamfanin sukari suka karɓe shi bayan sun ja masa rai.

A ranar, Inna ta yanka tantabaru. Rabon da ya ga haƙoranta a waje haka ya manta. Ta shafa kansa ta ce, "Ƙasa ma ai wuri ce, ɗana. Tashi ka ɗauko mini tire a ɗakin ajiya."

Yana tura ƙofar ɗakin, ɗoyin nan ya mare shi, shi ɗin dai, ba wani ba. Ga tulun muluha a lungu ko tsaga babu, kifin a bushe an tsiyaye ruwansa kaf, kusa da shi kuma ga butar shayi ta biyu, wadda ba a taɓa zuba wa kowa daga cikinta ba.